Ina ɗalibin injiniya zai koyi jan ragamar mutane kafin ya bar jami'a?

Sadiq_Makanikal:
Assalamu alaikum manyanmu da 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka riga mu fita su taimaka da shawara.

Ina aji biyu, makanikal. Watan jiya yayana ya je ganawar neman aiki a wani kamfani a Legas. Shi fa da 2:1 mai ƙarfi ya fita, lissafi kuwa ko daga barci ka tashe shi zai warware maka. Duk tambayoyin fanni ya amsa tsaf. Sai wata mata a cikinsu ta ce ya ba su labarin wani lokaci da aka ɗora masa mutane, abu ya so ya lalace, da yadda ya yi da shi. Ya ce min wallahi silin ya tsaya kallo. Shekara biyar daga ɗaki sai aji, daga aji sai laburare. Aikin dai bai samu ba.

Yanzu abokaina sun matsa min in tsaya takarar ma'ajin ƙungiyar sashenmu. Na gaya wa Baba, ya ce karatu ya tura ni, ba siyasa ba. Ni kuma abin da ya sami Yaya ya tsaya min a rai. A ina ɗalibin injiniya yake samun irin wannan gogewa ba tare da ya zubar da karatunsa ba? Kuma wannan muƙamin ya isa, ko ɓata lokaci ne?

Kwamared_Mai_Ritaya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ji maganar Baba. Ni na yi siyasar ɗalibai har ta ishe ni. Na shiga aji uku da CGPA 3.9, na fita da 2.6. Dare muna taron kamfe, safiya ina gyangyaɗi a lakcar samodainamiks. Waɗanda suke ɗaga ni sama suna kwamared kwamared, ranar da aka kafe sakamako ko ɗaya ban gani a gefena ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Kamfanoni da yawa in ba ka da 2:1 ko takardarka ba za su buɗe ba, balle a kai ga tambayar da aka yi wa yayanka.

Bala_Sibil:
Kwamared, Allah ya ba da haƙuri, amma ciwonka daban, tambayar yaron nan daban. Kai ƙungiyar ɗalibai ta jami'a gaba ɗaya ka shiga, inda 'yan siyasar gari suke zuba kuɗi. Shi ƙungiyar sashe yake magana, mutum ɗari biyu ko uku da suka san juna.

Sadiq, bari in ba ka nawa. Wata na huɗu da fara aiki aka bar ni a wurin gini ranar zuba dekin, saboda ogana ya tafi jana'iza. Leburori sun fi talatin, kowa da kwanon sarki a ka, injin kwaɓi na ta ruri. Babban birkilan ya girmi mahaifina. Wajen azahar rana ta take, sai na lura mai injin yana ƙara ruwa a kwaɓin don ya yi saurin zubowa, kwaɓin ya koma kamar kunu. A aji an koya mana cewa ruwa in ya yi yawa ƙarfin kankare raguwa yake, kuma ba za ka gane ba sai an fasa samfurin gwaji bayan kwana 28. Wannan na sani sarai. Abin da ba a koya min ba shi ne yadda yaro ɗan shekara 25 zai tsayar da dattijo a gaban yaransa.

Na yi kuskuren farko, na ɗaga murya daga kan bene. Dattijon ko kallona bai yi ba, leburori suka kwashe da dariya. Sai na sauko, na ja shi bayan tarin tsakuwa inda babu kowa, na ce Baba, ka fi ni sanin aikin nan nesa ba kusa ba, amma in dekin nan ya tsage sunana ne a takarda, ni za a kama, ka rufa min asiri. Ya yi shiru, ya ce to ai da haka ka fara. Shi da kansa ya koma ya ƙwace bokitin daga hannun mai injin.

Abin da ya sa na iya saukowa daga benen nan, a aji huɗu na riƙe shugaban kwamitin tafiyar gani da ido, na sha faɗa da direbobin bas da ɗaliban da ba su biya ba. Can na fara gane cewa in ka kunyata mutum a bainar jama'a ka rasa shi. Aikin injiniya rabinsa mutane ne, kuma babu kwas ɗinsu a jadawali.

Hauwa_Kemikal:
Injiniya Bala, labarin nan ya yi. Amma ka lura, kwamitin tafiya ka riƙe, ba kujera ba. Ni a ganina nan bambancin yake. Akwai muƙami, akwai aiki. Na san wanda ya yi mataimakin shugaban NUESA na tsangayarmu shekara guda cur, abin da ya yi kawai hotonsa ya fito a kalanda.

Abu_Fatima:
Ga masu tambayar mene ne NUESA, ita ce ƙungiyar ɗaliban injiniya ta jami'o'in Najeriya, kusan kowace tsangaya tana da reshe, sannan kowane sashe da tasa ƙaramar ƙungiyar a ƙarƙashi. Ban da ita akwai rassan ɗalibai na IEEE ga 'yan lantarki da kwamfuta, akwai na SPE ga 'yan man fetur. Ita kanta NSE, ƙungiyar injiniyoyin Najeriya, tana yi wa ɗalibai rajista. Kuma abin da mutane ba su cika sani ba, NSE ɗin nan da ake ganin ta manya ce, matasan injiniyoyi da ɗalibai 'yan Najeriya ne suka kafa ta a Landan a 1958. Ba su jira sun yi furfura ba.

Ɗan_Kwalta:
Duk wannan lissafin ƙungiyoyin na masu hali ne. Wanda yake tunanin abin da zai ci da dare ina ya ga kuɗin rajistar IEEE da ake biya da dala?

Abu_Fatima:
Gaskiyarka, da dala ake biya, kuma canji ya yi tsada. Amma wakilin aji ko sisi ba ya biya, haka mai koyar da 'yan ƙasa da shi.

Malama_Zainab:
Bari in sa baki a matsayin wadda take koyarwa. Sadiq, tun kafin ka je neman kujera, akwai jagorancin da muke ɗora muku a aji kuna gudu. Duk zango ina raba ɗalibai rukuni-rukuni na mutum shida, in ce su zaɓi shugaba. Kullum abu ɗaya ne. Sai su zaɓi wanda ya fi kowa ƙoƙari, shi kuma ya kulle kansa a ɗaki ya yi aikin duka shi kaɗai, ya rubuta sunayen sauran biyar a bango. Ranar gabatarwa in tambayi ɗaya daga cikinsu me ya sa kuka zaɓi wannan kaurin ƙarfe, sai ya juya yana kallon shugaba.

Wannan yaron yana ganin taimako ya yi. A wurina ya faɗi, domin an ba shi mutum biyar ya kasa sa ko ɗaya aiki. Wanda yake burge ni shi ne wanda zai zo ofis ya ce Malama, wane bai zo taro ba sau uku, na je har ɗakinsa, ashe mahaifiyarsa ce a asibiti, mun rage masa kasonsa, ga abin da zai iya kawowa. Irin wannan in ya zo neman takardar shaida ba na jinkiri.

Kuma ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A 2023 COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta samu shiga yarjejeniyar Washinton a matakin wucin gadi, wadda take sa ƙasashe su amince da digirin injiniyan juna. Cikin abubuwan da ake so a tabbatar ɗalibi ya fita da su akwai iya aiki cikin rukuni, a matsayin mamba da kuma jagora, da iya sadarwa, da tafiyar da aiki da kuɗinsa. Shi ya sa kuke ganin muna ta cika ku da aikin rukuni. Ba mugunta ba ce.

Sadiq_Makanikal:
Malama, kamar kina ɗakinmu. Zangon da ya wuce ni ne na yi wa rukuninmu aikin zane gaba ɗaya. Tsoro nake ji su ja min maki ƙasa.

Malama_Zainab:
To ka ga inda za ka fara, kuma Baba ba zai ce siyasa ba ce.

Tsohon_Ma'aji:
Tunda kujerar ma'aji ake magana, bari wanda ya zauna a kanta ya yi bayani. Sadiq, kada kowa ya ruɗe ka, a duk muƙaman ƙungiyar sashe babu mai koyar da mutum kamar wannan, kuma babu mai zubar da mutunci kamarsa.

Shekarar da na riƙe, mun karɓi kuɗin ƙungiya daga ɗalibai, mun buga riguna, mun shirya makon injiniya da walimar 'yan aji biyar. Kuskurena ɗaya. Shugabanmu abokina ne tun sakandare. Ana saura kwana uku walima ya same ni a kantin shayi ya ce in ba shi dubu arba'in zai kai wa mai abinci kafin alƙalami, rasit zai biyo baya. Na ciro na ba shi, ko a bayan takarda ban sa ya sa hannu ba. Na tabbata ya kai kuɗin, domin an ci abincin. Amma rasit bai taɓa zuwa ba. Ranar miƙa mulki, a gaban ɗalibai cike da ɗakin lakca, wata yarinya 'yar aji uku da ke kwamitin binciken kuɗi ta miƙe da littafina a hannu ta ce ina shaidar dubu arba'in ɗin nan. Na juya wajen abokina, yana danna waya. Gumin da na yi ranar ban sake yin irinsa ba. Daga aljihuna na biya, a hankali, har bayan na tafi bautar ƙasa.

Yau shekara tara ina harkar sayen kayan aiki a wata masana'anta. Ko ƙusa aka saya sai na ga takarda. Abokan aiki suna ce min mai taurin kai, ban damu ba. Dubu arba'in na saya darasin, wasu da miliyoyi da kujerarsu suka saya.

In za ka tsaya, sharaɗi uku. Asusun banki da sunan ƙungiya, ba naka ba. Sa hannun mutum biyu kafin a fitar da ko naira, kuma ɗaya ya zama malamin da ke kula da ƙungiyar. Sannan duk ƙarshen wata ka manna abin da ya shigo da abin da ya fita a allon sanarwa, ko ba wanda ya tambaya.

Kwamared_Mai_Ritaya:
Kun ji ko? Shi ma da hawaye ya fita. Maganata ce dai ta dawo.

Tsohon_Ma'aji:
A'a Kwamared, ni da 2:1 na fita. Kuɗi na rasa, ba maki ba. Aikin ma'aji na lokaci-lokaci ne, farkon zango da makon injiniya. Ba kamar naku ba da kullum kuna ofishin shugaban harkokin ɗalibai.

Ummi_Lantarki:
Ina karantawa tun ɗazu, duk maganar maza ce. A ajinmu mu bakwai ne mata cikin mutum sama da tamanin. Duk zaɓe kujerar da ake ajiye mana ita ce mataimakiyar shugaba ko mai kula da walwala, wato raba lemo da fanke ranar taro. Da na ce ina son jagorantar rukunin aikinmu na kammalawa, wani ya ce wa zai hau tsani ya ɗaura wayar. Na ce ni. Kuma na hau, da hijabina.

Taron ƙungiya kuma sai a sa shi ƙarfe tara na dare, lokacin da wadda take zuwa daga gida ta daɗe da tafiya. Daga baya a ce mata ba sa son shiga harka. Ku mayar da taro bayan la'asar ku gani.

Ga 'yan uwana mata da ke nan, ku nemi APWEN, ƙungiyar mata injiniyoyi, tana shiga makarantu kuma tana jan ɗalibai a jiki. A can na fara tsayawa gaban 'yan matan sakandare ina nuna musu yadda ake haɗa ƙwan fitila da batir. Kuma a Janairun 2024 Injiniya Margaret Oguntala ta zama mace ta farko da ta shugabanci NSE. Daga 1958 fa. Ku lissafa shekarun.

Hauwa_Kemikal:
Ummi, Allah ya biya ki. Maganar taron dare ita ce ta hana ni tsayawa takara. Baba ya ce magariba ta same ni a gida, shi ke nan.

Engr_Mubarak:
Ni dai shawarata ɗalibi ya mai da hankali kan gasa. Akwai Enactus, wadda a da ake kira SIFE, inda ɗalibai ke kafa wani aiki da zai amfani al'umma su je su kare shi gaban alƙalai. Akwai gasar Shell Eco-marathon ta ƙera motar da ba ta shan mai da yawa, ɗaliban ABU Zariya sun taɓa shiga da motar da suka haɗa. A irin wannan tawaga dole wani ya riƙe walda, wani lantarki, wani neman masu ɗaukar nauyi, kuma ranar gasa ba ta matsawa don wani bai gama ba. Ina aji huɗu yanzu, muna ƙoƙarin haɗa tawagar mutum-mutumi.

Bala_Sibil:
Shawararka ta yi, amma tsaya. Kana aji huɗu, kuma Engr ne a gaban sunanka? Wa ya ba ka?

Engr_Mubarak:
Haba Injiniya, fata nagari lamiri ne.

Bala_Sibil:
Lamiri ne, amma doka ce. Sai wanda COREN ta yi wa rajista yake da ikon sa wannan laƙabin, kuma ba a zuwa neman rajistar sai an yi aƙalla shekara huɗu ana aiki bayan digiri. Tun 1970 aka kafa hukumar saboda irin wannan. Mu da muka sha ganawa da rubuta rahoton aiki kafin mu samu hatimi, ka bar mu mu ci gajiyarsa.

Ɗan_Kwalta:
A unguwarmu mai gyaran janareta ma Injiniya ake ce masa, kuma ya fi wasu masu hatimin amfani.

Mubarak_Mai_Jiran_Hatimi:
Na gyara. A yafe min.

Nura_Poli:
Kun yi dariya kun more, amma ku tuna ba 'yan jami'a kaɗai ke nan ba. Mu 'yan kwalejin fasaha bayan ND muna fita aikin masana'anta na shekara guda kafin mu dawo HND. A wannan shekarar aka ba ni yara uku masu koyon aiki a wani gareji a Kaduna, ni ke raba musu aiki da safe, ni ke amsa faɗa in sun ɓata. Na dawo makaranta na ga 'yan ajinmu suna rigima kan wa zai zama mai magana da yawun ƙungiya, abin ya ba ni dariya. Duk da haka in an je neman aiki sai a sa mai digiri a samanmu. Wannan wata muhawarar ce.

Abu_Fatima:
Nura ya taɓo wuri mai muhimmanci. 'Yan jami'a ma suna da nasu, SIWES, wato koyon aiki a masana'anta na wata shida a aji huɗu, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta ƙirƙiro a 1973 saboda masana'antu suna kukan ɗalibai na fitowa ba su taɓa riƙe sifana ba. Matsalar ita ce yadda muke yinsa. Rabin ɗalibai ofishin kawunsu suke kai takarda, a sa musu hannu a littafi, su koma gida su kwanta.

Sadiq_Makanikal:
Mu an ce a ƙarshen aji biyu za mu yi. Ko an canza ne?

Abu_Fatima:
Wancan SWEP ne, na cikin makaranta, 'yan makonni a ɗakin koyon aiki, walda da fiƙe ƙarfe da haɗa bulo. SIWES ɗin mai tsawo yana gaba. Amma ko a SWEP ɗin rukuni ake rabawa, kuma kowane rukuni sai an ce wa zai karɓi kayan aiki ya sa hannu ya mayar da su cif. Kowa gudu yake saboda in guduma ta ɓata shi zai biya. Ka ɗaga hannu.

Anti_Rabi_HR:
Ni ba injiniya ba ce, amma shekara goma sha ɗaya ina zama a teburin da yayan Sadiq ya zauna a gabansa, ta ɗaya ɓangaren. Bari in gaya muku abin da muke nema da wannan tambayar.

Ba kujera muke tambaya ba. Takardu nawa na gani an jera shugaban kaza, sakataren kaza, jakadan kaza, har guda takwas. In na ce to a cikin takwas ɗin nan ba ni abu ɗaya da ya lalace a hannunka, sai a fara min jawabin kamfe. Wanda na fi tunawa wani yaro ne da ko muƙami ɗaya babu a takardarsa. Ya ce lokacin yajin aikin ASUU na 2022, da aka yi wata takwas a gida daga Fabrairu zuwa Oktoba, famfon burtsatsen unguwarsu ya ƙone. Ya tara samari biyar, suka bi gida-gida karɓar gudummawa, ya lissafa farantan sola nawa za su ja famfon, suka sayo suka ɗaura. Sai na ce me ya ba ka wahala. Ya ce lissafin bai kai masa awa biyu ba, amma shawo kan mai unguwa da wani attajiri da ya so a kai tankin ƙofar gidansa ya ci masa sati uku. Na tambaye shi yadda suka ƙare, ya ce sun sa liman ya raba gardama, tanki ya zauna a filin masallaci inda kowa ke iya zuwa. Abokin aikina injiniya ya yi masa tambayoyi kan girman famfo da zurfin rijiya, ya amsa. A ranar muka rubuta sunansa.

Amma kada in yi muku ƙarya, Kwamared yana da gaskiya ta wani gefen. Yaron nan da 2:1 ya zo. Da makinsa bai kai ba, na'ura ce za ta tace shi tun kafin takardarsa ta iso teburina, labarin burtsatsen kuma ba wanda zai ji.

Kwamared_Mai_Ritaya:
Na gode Anti. A rubuta, yau an ce ina da gaskiya.

Yakubu_Jos:
Abin da ba a yi zancensa sosai ba shi ne koyar da 'yan ƙasa da kai. Ni a ƙungiyar ɗalibai Kirista na fara, abokina Musa kuma yana yi a ƙarƙashin MSSN, daga baya muka haɗa ajin saboda ɗalibai ɗaya muke koyarwa kuma ɗakin lakca ɗaya muke rububi. Duk Asabar lissafin aji ɗaya da na aji biyu. Sai ka nemo ɗaki, ka nemo masu koyarwa huɗu, ka tsara wa zai ɗauki me, ka lallashi wanda ya ce ya gaji ana saura sati biyu jarrabawa. Ba ka biyan kowa, ba ka da ikon korar kowa. In ka iya sa mutum ya fito ƙarfe takwas na safiyar Asabar kyauta, wanda ake biya albashi ba zai gagare ka ba. Ga riba ta biyu, makina hawa ya yi, domin abin da ka koyar sau uku ba ka mantawa. Sadiq, wannan ko Baba ya ji sai ya sa albarka.

Issoufou_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Ina bin zancenku da sha'awa. Wajenmu ƙungiyar 'yan makaranta USN tana da ƙarfi ƙwarai, amma harkarta gwagwarmaya ce, kuɗin tallafi da abinci da wurin kwana. Mai karatun injiniya, kamar 'yan EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu da ke Yamai, inda yake koyon riƙe mutane shi ne lokacin da aka tura shi koyon aiki a kamfani ko ma'adinai. Abin da Injiniya Bala ya faɗa na dattijon birkila, haka yake a nan, ko harafi ba a canza ba.

Ɗan_Kwalta:
Ni fa har yanzu ban gamsu ba. Duk labaran nan na waɗanda abin ya yi wa kyau ne. Ina waɗanda suka yi ta hidimar ƙungiya, suka fita, yau shekara biyar ba aiki, ga wanda bai taɓa jagorantar ko akuya ba yana NNPC saboda kawunsa? A ƙasar nan wa ka sani ya fi me ka iya.

Hauwa_Kemikal:
Ba a musu, akwai wannan. Amma mu da ba mu da kawu fa? Ni aikina na farko ta hannun wata da ta girme ni da aji biyu na samu, wadda muka yi hidimar makon injiniya tare. Ta ga yadda nake aiki, da aka ce ana neman mutum a wurinsu ta ba da sunana. Wanda ba a haife shi da kawu ba, a irin wuraren nan yake samo nasa.

Bala_Sibil:
Kuma ko kawu ya kai ka, ba zai tsaya maka a kan dekin ba. Ɗan_Kwalta, ka duba Injiniya Mustafa Balarabe Shehu, ɗan Kano. Ya shugabanci NSE, sannan a 2023 ya karɓi shugabancin tarayyar ƙungiyoyin injiniyoyi ta duniya, WFEO. Irin wannan matakin ta hidimar ƙungiya ake hawansa, rassa da kwamitoci, shekara da shekaru.

Ɗan_Kwalta:
Mutum ɗaya ke nan cikin dubu nawa?

Sadiq_Makanikal:
Na gode ƙwarai, manyana. Na karanta wa Yaya duka a waya, ya ce in tambayi Anti Rabi ko aikin da ya yi a CDS, wato hidimar al'umma, lokacin bautar ƙasa zai shiga, domin shi ya jagoranci gyaran bencinan wata firamare, bai ɗauka abin faɗa ba ne.

Ni kuma ga inda nake. Zan karɓi kayan aikin rukuninmu a SWEP, kuma na yi wa Malama alƙawarin ba zan sake yi wa kowa zane ba. Maganar ma'aji ban yanke ba. Na bincika, ashe kuɗin ƙungiyarmu a asusun ma'ajin yanzu suke shiga, na kansa, kuma an ce haka aka saba tun da.

Anti_Rabi_HR:
Ka ce masa shi ne ma abin faɗa. Bencina nawa, su wa ya sa aiki, ina aka samo katako, wa ya ba shi ciwon kai. Ya rubuta ya haddace kafin ganawa ta gaba.

Tsohon_Ma'aji:
Asusun kansa? Inna lillahi. To kafin ka sayi fom ka je wurin malamin da ke kula da ƙungiyar, ka tambaye shi ko zai yarda ya zama mai sa hannu na biyu in an buɗe na ƙungiya. Banki zai nemi kundin tsarin ƙungiyar da wasiƙa daga sashe. Kuna ma da kundin kuwa?

Sadiq_Makanikal:
An ce akwai, yana hannun wani da ya gama shekara uku da suka wuce. Ina neman lambarsa.

Kwamared_Mai_Ritaya:
Ka ga an fara. Yaushe ne gwajinku na farko a zangon nan?